Kaushin rana a fatar zabiya: maganin da fitila ke kunnawa zai yi masa?

Jami'ar Lafiya, Karkara:

Assalamu alaikum. Likitocinmu da sauran abokan aiki, ina da tambaya.

Akwai wani matashi zabiya da ake kawowa asibitinmu, bai wuce shekara 25 ba, manomi ne. Goshinsa da ƙeyarsa da bayan hannuwansa duk sun yi kaushi, ɗigo-ɗigo jajaye masu ɗan ɓawo, in an shafa a ji garas-garas. A fuska da wuya kaɗai sun haura 20. Ban da su akwai guda ɗaya a saman kunnen dama da ya fita daban: ya fi tauri, faɗinsa ya kusa santimita ɗaya da rabi, yana yin ɓamɓaroki ya faɗi ya sake yi, wani lokaci har da jini. Wata huɗu ke nan, maganin ƙuraje na sha da na shafawa bai taɓa shi ba.

Yayansa ya ji labarin wani magani da ake kira PDT, wai mai ake shafawa a haska fitila, ba yanka ba ɗinki, har sun fara maganar sayar da dabbobi don su nema. Yaya ake yin sa dalla-dalla? Zai ɗauke duka har da na kunnen? Mutumin da rana ce ta jawo masa wannan, ba ƙara masa ciwo za a yi da haske ba? Sannan wani mai kemis ya nuna musu wata 'yar kwalba da ake shafa wa masu albaras su shiga rana, ya ce ai duk ɗaya ne. Haka ne?

Likitan Fata:

Wa alaikumus salam, Malama. Ki fara da kunnen, sauran za su iya jira. Ƙurjin da ya yi tauri daga ƙasa, ya haura santimita 1, yana jini, ya ƙi warkewa har wata huɗu, kuma a kunnen zabiya, ana ɗaukarsa a matsayin sankarar fata ta nau'in sukwamos sai in gwaji ya nuna ba ita ba ce. Ita ce sankarar da ta fi kama zabaya a Afirka, a kai da wuya ta fi fitowa, kuma wadda ta fito a kunne ko leɓen ƙasa ta fi saurin gangarawa zuwa kaluluwa. Ki lallatsa gaban kunnen da bayansa da gefen wuya ki ji ko wani abu ya taso. Ki rubuta masa takarda zuwa asibitin koyarwa mafi kusa da ku, Kano ne ko Shika ko Sakkwato ko Maiduguri, a ɗebi ɗan nama a kai ɗakin gwaji. In ta tabbata, yanke ta ake yi tare da lafiyayyen nama a kewaye, aƙalla milimita 6 a wuri irin kunne. PDT ba shi da aiki a nan. Abin tsoro ma shi ne zai iya warkar da saman, fata ta rufe, iyali su yi hamdala, alhali saiwar tana ci gaba da ci a ƙasa.

Sauran masu garas-garas ɗin su ne aktinik keratosis, mu ce kaushin rana. Ƙwayoyin fata ne da rana ta ɓata amma ba su riga sun nutsa ciki ba. Kaɗan ne daga cikinsu ke zama sankara, sai dai babu mai iya nuna wanne ne zai zama, kuma ga zabiya ɗan shekara 25 da ke yini a gona lokaci na da tsawo a gaba. Irin waɗannan su ne PDT ya fi ƙwarewa a kai.

Man da ake shafawa ba shi ne ke kisa ba. Sinadari ne da jiki ya riga ya sani, ALA, wanda da shi ƙwayoyin jiki ke fara ƙera him, jan sinadarin da ke cikin jini. Matakin da ke gab da na ƙarshe a wannan ƙira shi ne furotofofirin 9, wanda in aka saka masa ƙarfe sai ya zama him. In aka cika wa fata ALA daga waje, furotofofirin ɗin sai ya taru fiye da yadda jiki zai iya juya shi, kuma ya fi taruwa a ƙwayoyin da suka lalace, don fatar da ke kansu ta fi sauƙin ratsawa kuma su kansu ba sa saurin saka masa ƙarfen. In haske ya sauka a kansa, sai ya karɓi ƙarfin ya miƙa wa iskar oksijin da ke wurin, ita kuma ta zama mai guba na ɗan ƙanƙanin lokaci, ta fasa ƙwayar da take ciki, ba ta yin nisa. Abu uku ke nan: magani, haske, oksijin. Ɗaya ya gaza, aikin banza aka yi. Likitocin Kanada, Kennedy da Pottier, su suka fara wallafa shafa ALA a fata ta wannan hanya a 1990, Amurka ta amince da shi don kaushin rana a 1999.

Iyakarsa zurfi. Tsakanin nisan da mai ke iya ratsawa da wanda haske ke kaiwa da ƙarfi, kusan milimita 2 ake dogara da shi. Shi ya sa aka yarda da shi ga kaushi marar kauri da matsakaici, da cutar Bowen, wato sukwamos da ba ta riga ta nutsa ƙasa ba, da sankarar basal ta saman fata ko 'yar ƙarama marar zurfi. Ba a yin sa ga sukwamos da ta nutsa, ba a yin sa ga sankarar melanoma, ba a yin sa ga basal mai yaɗuwa a ƙarƙashi kamar tabo.

Ga yadda ake yi da man MAL, wani nau'in ALA ne wanda aka fi sani da Metvix. Kwana 5 zuwa 7 kafin ranar a riƙa shafa man yuriya ko na salisilik a inda ɓawo ya yi kauri don ya yi laushi. Ranar aiki a goge wurin da sifirit a cire maiƙo, a sa ƙaramin cokalin kankara na asibiti a kankare ɓawon sannu a hankali. Ba a so jini ya fito: jini na ture man, kuma shi kansa yana shanye haske. In ya ɓalle a danne da goz sai ya tsaya. A shimfiɗa man kaurin milimita 1 a kan kowane ɗigo, a zarce milimita 5 zuwa 10 cikin lafiyayyar fatar da ke kewaye. A rufe da filastar da ba ta tsotse mai, a ɗora abin da haske ba ya ratsawa, kamar takardar alminiyam. Awa 3. Sannan a buɗe, a goge da ruwan gishiri na asibiti, a sa wa majinyaci da ma'aikaci tabarau na kariya, a kawo jar fitila mai zangon kusan nanomita 630, awon da ke nuna launin haske ke nan, tazarar santimita 5 zuwa 8 daga fata, a ba da jul 37, wato awon yawan haske, a kowane santimita murabba'i. Bai cika wuce minti 10 ba. In akwai fitilar Wood, wadda likitoci ke duba fata da ita a duhu, a duba kafin a haska: wurin da ya tara maganin zai yi ja-ja mai ƙyalli. In bai yi ba, akwai alamar ɓawo ne ya tare hanya ko man ya mutu.

Kaushin rana zama ɗaya ake yi, a duba bayan wata 3, a maimaita wa waɗanda suka rage. Bowen da basal zama biyu, mako ɗaya tsakani. A fuska da kai, kusan 8 zuwa 9 cikin kowane 10 na marasa kauri kan ɓace zuwa wata uku, fata kuma ta warke lafiya lau ba tabo. Bayan hannu ba ya karɓa haka, fatar wurin ta fi kauri kuma ta fi sanyi.

Kan tambayarki ta haske: abin da ya ɓata fatarsa shi ne hasken UV na rana, wanda ido ba ya gani. Jar fitilar nan babu UV a cikinta, don haka ba ta ƙara irin wannan ɓarnar. Rashin baƙin sinadarin fata ma taimako ne a nan, haske na shiga ba abin da ya tare. Mu masu baƙar fata ne ke da matsala da PDT: melanin, baƙin sinadarin nan, na shanye wani ɓangare na hasken, kuma wurin kan bar baƙin tabo da ke ɗaukar watanni. Masu neman sa don ƙurajen fuska su san wannan kafin su biya kuɗi. Idonsa kuwa a kula sosai, zabaya dama haske na damun su, tabarau masu rufe ido gaba ɗaya za a sa masa.

Mai Harhaɗa Magunguna:

Malama, kwalbar nan ta mai kemis kar ta kusanci yaron nan. Daga yadda kika kwatanta, ruwan soralen ne, irin wanda ake sayarwa da sunan Meladinine. Shi ma magani ne da haske ke kunnawa, a nan kaɗai suka yi kama. Soralen shiga yake yi tsakanin zaren DNA, in hasken UVA, wani nau'in UV, ya zo sai ya ɗaure zaren biyu. Da haka yake tada launi a albaras, ya kuma rage saurin hayayyafar fata a soriyasis, cutar da ke sa fata kauri da ɓawo. Asalinsa tsiro ne, Misirawa sun daɗe suna amfani da shi, likitan Alƙahira El Mofty ya fara ba masu albaras tataccensa a ƙarshen shekarun 1940, a 1974 kuma likitocin Boston suka haɗa na sha da fitilar UVA aka sa masa suna PUVA. A asibiti ana ba da miligiram 0.6 ga kowane kilo na nauyin mutum awa 2 kafin haske, ana auna hasken, ana sa tabarau masu tare UV har zuwa washegari. Duk da wannan taka-tsantsan, hukumar binciken sankara ta duniya, IARC, ta sa soralen da UVA a rukuni na 1 na abubuwan da ke jawo sankara ga ɗan Adam, kuma sukwamos ɗin nan ce dai yake jawowa. Ga zabiya haramun ne a likitance. Ko ga mai albaras, shafa shi a fita ranar ƙasar Hausa ba awo yakan ƙare da bororo irin na ƙunar wuta, wanda ke fitowa bayan kwana 2 zuwa 3, lokacin da mutum ya riga ya maimaita don bai ga komai ba a ranar farko. Asibitoci da yawa sun koma fitilar UVB ta nanomita 311, wadda ba ta buƙatar shan komai.

Magungunan PDT na gaske guda uku aka fi sani. Metvix, miligiram 160 a kowane giram. Ameluz, jel ne na ALA mai miligiram 78 a giram, shi ma awa 3 da jar fitila jul 37. Levulan Kerastick na Amurka, ruwa ne mai ALA kashi 20 cikin 100, ana fasa 'yan kwalabe biyu a cikin sandar a girgiza, a yi amfani da shi cikin awa 2, da shuɗiyar fitila ake yin sa. Abu biyu a riƙe game da Metvix. A firji yake zama, digiri 2 zuwa 8, don haka wanda ya kwana uku a jakar matafiyi ko a firjin da wuta ke ɗaukewa ba abin dogaro ba ne. Kuma akwai man gyaɗa da man almon a cikinsa, sai a tambayi majinyaci ko gyaɗa ko waken soya na tada masa borin jini. Tub ɗin giram 2 ne, in an shimfiɗa kaurin milimita 1 kusan santimita murabba'i 20 zai rufe. Ki kwatanta da goshi da ƙeya da hannaye biyu, ki ga tub nawa za a saya daga waje. Mai cutar fofiriya, wadda ke sa sinadarai irin furotofofirin taruwa a jiki, ba a yi masa. A kuma tambaya ko yana shan doksisaikilin, girisofulbin, sifiro, ko maganin hawan jini na tayazaid, duk suna ƙara wa fata jin haske.

Likita, ranka ya daɗe, ni a ganina kar su sayar da ko akuya ɗaya saboda PDT. A 2019 an wallafa wani gwaji daga asibitocin Holan, mutum 624 masu kaushin rana da yawa a kai da fuska, aka raba su kan magani huɗu. Bayan shekara ɗaya, waɗanda aka ce sun yi nasara, wato aƙalla kashi uku cikin huɗu na kaushinsu ya tafi bai dawo ba: man fulorourasil kashi 74.7 cikin 100, imikwimod 53.9, PDT da MAL 37.7, injinol 28.9. Na ƙarshen ma an janye shi daga kasuwar Turai a 2020. Wanda ya zo na ɗaya shi ne mafi arha, yana cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya, ba ya son firji, ba ya son fitila.

Fulorourasil mai kashi 5, shafi siriri safe da yamma, mako 3 zuwa 4. Kar a wuce faɗin santimita 23 sau 23 a lokaci ɗaya, gara ma a bi yanki-yanki, goshi tukuna, in ya warke a koma ƙeya. A wanke hannu bayan shafawa, kar ya taɓa ido ko cikin hanci. A gaya masa tun farko cewa a mako na biyu wurin zai yi ja, a na uku ya saɓule ya yi ɗanye, har inda bai san akwai kaushi ba zai fito. Haka ake so, kuma a nan mutane ke jefar da tub ɗin su ce an ba su guba. Mako 2 zuwa 4 bayan an daina yake warkewa. Mai ciki da mai shayarwa ba sa amfani da shi. In aka ga zazzaɓi, gudawa da jini, ko gyambon baki, a tsaya nan take a kai shi asibiti, akwai ƙalilan da jikinsu ba ya iya narkar da maganin.

Jami'ar Lafiya, Karkara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Kunnen ba shi da kaluluwa a yadda na ji, amma na rubuta takardar. Wata tambaya: na ga ana cewa akwai PDT da ba a buƙatar fitila, rana kawai ake zama a ciki. Tunda mu rana ba ta yi mana kaɗan ba, in an samu man ba shi ke nan ba?

Nas, Sashen Fata:

'Yar'uwa, akwai shi, daga Kofanhegan ta ƙasar Denmak ya fito a 2008, kuma dalilin ƙirƙiro shi raɗaɗi ne. A hanyar fitila furotofofirin na taruwa awa 3 sannan a kunna shi gaba ɗaya cikin minti kaɗan, zogin kan kai inda wasu ke cewa a kashe. Goshi da tsakar kai sun fi zafi, faɗin wuri kuma na ƙara shi. A hanyar rana kuwa ana ƙera shi ana ƙone shi kaɗan-kaɗan, ba ya samun damar taruwa. A manyan gwaje-gwaje biyu, na Ostareliya da na Turai, zafin bai kai maki 1 cikin 10 ba, na fitila kuwa tsakanin 4 da 6, sakamakon kuma bai gaza ba ga kaushi marar kauri na fuska da kai.

Tsarin ya bambanta. A fara shafa man kariya daga rana, SPF 30 ko sama, a duk inda rana za ta taɓa, har da wurin da za a yi wa magani. A jira minti 15 ya bushe. A kankare ɓawo, a shafa maganin siriri, ba a rufewa. A fita waje cikin minti 30, in an wuce haka ya fara taruwa zafin ya dawo. A zauna awa 2 ba yankewa, in fitsari ya kama a shiga a fito cikin 'yan mintoci. A wanke, a rufe.

Inda ake yawan faɗuwa shi ne man kariyar. Dole ya zama irin wanda ke tare UV kaɗai ya bar hasken da ido ke gani ya wuce. Wanda ke da zink oksaid, titaniyam dayoksaid ko ayon oksaid yana tare duka biyun, maganin ba zai kunnu ba. Irin wannan mai farin shafi kuwa shi ake yawan raba wa zabaya, sai an karanta bayan kwalba.

Bayan an gama, ko da fitila ko da rana, abin sai ya juya. Awa 48 fatar na ɗauke da ragowar maganin, kuma hasken da ido ke gani ne ke kunna shi, don haka man kariya na yau da kullum ba ya hana komai. Tufa ce kariya: malafa mai faɗi, rawani ko mayafi mai kauri, zaman ɗaki nesa da taga. Wanda ya hau babur ya koma gida da tsakar rana kai a buɗe zai kwana da fuska a kumbure. Shi ya sa ake tsara tafiyar komawa tun kafin a fara.

Abin da za a gani: ja da kumburi kwana 2 zuwa 3, in goshi ne fatar ido kan kumbura da safe, sai ɓawo, sai saɓa, zuwa mako ɗaya ko biyu ya lafa. Basilin da ruwa mai tsabta sun isa, farasitamol in ana jin zafi. Kar a ɓamɓare. 'Yan ƙananan ƙuraje farare a kwana na biyu ba lallai ƙwayar cuta ba ce. Amma zafin da ke ƙaruwa bayan kwana na uku, mugunya mai ruwan zuma, ja da ke yaɗuwa, ko zazzaɓi, wannan a dawo. Mai yawan fitar ƙurajen zazzaɓi a leɓe a gaya wa likita tun farko, maganin kan tada su, akan ba da asaikulobiya kafin a fara.

In fitila ce, abin da ke rage zafi: fanka, fesa ruwan sanyi, hira da majinyaci, dakatawa na minti ɗaya ko biyu sannan a ci gaba daga inda aka tsaya. Man kashe zafi na shafawa bai cika yin komai ba. In wuri mai faɗi ne a goshi, allurar toshe jijiya a saman gira ita ce ke aiki da gaske.

Injiniyan Na'urorin Asibiti:

Gaisuwa ga manya. Ƙari kan fitila, don kar wani ya sayo jan ƙwai a kasuwa ya ce ya samu.

Furotofofirin ya fi shan haske a kusan nanomita 405 zuwa 410, wato shuɗi, sannan yana da wasu ƙananan wurare a 505, 540, 580 da 635. Shuɗi ya fi kunna shi amma ba ya nutsawa, ja ya fi nutsawa amma sai an ba da mai yawa. Shi ya sa shuɗiyar fitilar BLU-U jul 10 take bayarwa, ja kuwa 37. Lissafin ba wuya: miliwat a santimita murabba'i, sau daƙiƙoƙi, a raba da 1000, a samu jul. BLU-U miliwat 10 ce, daƙiƙa 1000, wato minti 16 da daƙiƙa 40, jul 10 ke nan. Jar fitila mai miliwat 62 na buƙatar kusan daƙiƙa 600 ta kai 37. In ba a san ƙarfin fitila ba, ba a san abin da aka bayar ba. Fuskar robar nan mai ƙananan fitilu da ake tallatawa a Instagram da gidajen gyaran jiki ba a yi ta don wannan aiki ba, ba ta da awo, kuma ita kaɗai ba magani ba PDT ba ce.

Ƙara ƙarfi don a gama da wuri shi ma kuskure ne. Oksijin da ke fata na ƙarewa fiye da yadda jini ke kawo sabo, zafi ya ƙaru, kisa ya ragu. Tazara ma a auna ta da ma'auni, goshi ba shimfiɗaɗɗe ba ne, gefe na samun ƙasa da tsakiya, wani lokaci sai an haska sau biyu ta fuska biyu. Fitila na raunana da tsufa, sai ana gwada ta da mita lokaci-lokaci. Kuma duk mai niyyar kafa wannan a Najeriya ko Nijar ya haɗa fitilar da inbata. In wuta ta ɗauke a tsakiya, a rubuta daƙiƙoƙin da aka yi, a rufe wurin da abin da haske ba ya ratsawa, in ta dawo a cika ragowar, ba a sake farawa daga farko.

Likitan Fata:

Malam mai magunguna ya yi gaskiya kan kuɗin, ba ni da ja. Abu ɗaya zan ƙara: waɗanda aka yi gwajin Holan a kansu galibi tsofaffin Turawa ne a ƙasar da rana ba ta da ƙarfi. Fulorourasil na barin fata a saɓule mako huɗu zuwa shida, kuma rana na tsananta shi. Manomi a tsakiyar damina ba zai zauna a ɗaki wata guda da rabi ba, zai daina ne ko ya fita da ɗanyar fuska. To a ɗaga shi zuwa bayan kaka, lokacin hunturu, in an gama girbi. Inda PDT ya fi shi ke nan, yini ɗaya da kwana biyu a ɗaki, ma'aikaci ne kuma ke yi ba majinyaci ba. In iyali na da hali kuma an samu wurin da ke yi da fitilar da aka auna, zaɓi ne mai kyau. A kira a tabbatar akwai mai da fitila kafin a hau mota, ba kasafai ake samun su a ƙasashenmu ba.

Na rana kuwa, Malama, ban yarda a zaunar da zabiya awa 2 a buɗaɗɗiyar ranar Sakkwato ko Damagaram ba, ko da man kariya. Ba a ma buƙata: hasken da ke inuwar bishiya marar duhu ko baranda mai kallon sarari ya wadatar a ƙasa irin tamu. In za a yi, da sassafe, jiki duk a rufe sai wurin magani, da tabarau. A watannin bazara gumi zai wanke man kafin awa ta cika. Kuma ba aikin gida ba ne, sai likitan fata ya duba kowane ɗigo ya ware wanda ba na shafawa ba.

Akwai abin da ba a ambata ba, kuma shi ne asibitocin tafi-da-gidanka na zabaya a Tanzaniya suka fi dogara da shi: daskarewa da ruwan naitirojin, mai sanyin digiri 196 ƙasa da sifili. Ga masu kauri na bayan hannu, waɗanda mai ba ya ratsawa, shi ya fi. Tsawon daskarewar ne ke yanke hukunci. Wani bincike a Ostareliya ya samu kashi 39 cikin 100 sun warke in bai kai daƙiƙa 5 ba, 69 in ya wuce 5, 83 in ya wuce 20. Babban aibinsa shi ne farin tabo, abin da ke sa mu ɗar-ɗar da shi a baƙar fata, ga zabiya kuwa wannan ba abin damuwa ba ne. Duk wanda aka daskare sau biyu ya dawo, a ɗebi namansa a gwada.

Kafin ya tafi, kar a shafa wa kunnen komai, ko fulorourasil ko maganin gargajiya mai cin nama, yana rikita abin da mai gwaji zai gani. Ki ɗauki hoto da rula a gefe, ki rubuta ranar, ki sa a takardar cewa zabiya ne, wata huɗu, yana jini, ana zargin sukwamos, don kar a ba shi layin wata uku. Ki duba leɓensa na ƙasa da bayan ɗaya kunnen da tsakar kai, ki kuma sa masa ranar dawowa duk wata 6 ko da an gama da waɗannan, sababbi za su fito muddin yana gona.